Mita 12, Daga Ina Zuwa Ina?

Ana daf da faɗuwar damina aka kawo mana raftocin ƙarfen. Guda tara ne, an shafe su da jan fenti na maganin tsatsa, waldarsu tsaf, ko mai neman abin kushewa sai ya sha wahala. Ɗakin taro muke ginawa, na bulo. Bango ya kai inda ake so, an zuba kankare ya zagaye samansa, an binne ƙusoshi masu zare a ciki suna jiran ƙarfe. Ɗan kwangila ya yi hayar motar ƙugiya ta yini ɗaya, shi ya sa tun da sassafe kowa yake tsaye.

Aka ɗaga ta farko. Ƙafarta ta gabas ta sauka a kan ƙusoshinta kamar tare aka ƙera su. Da aka waiwaya yamma, sai ga farantin ɗaya ƙafar yana lilo a iska, bai ma hau bangon ba, tsakanin ramukansa da ƙusoshin akwai kimanin taƙi guda. Aka sauke, aka ɗaga ta biyu, ita ma haka. Ba wanda ya ce a ɗaga ta uku.

Tsohon birkilan da ya jagoranci ginin bangon ya hau sama, ya sa aka miƙo masa bulo ɗaya mai inci tara, ya kara shi tsakanin rami da ƙusa. Faɗin bulon ya cike tazarar daidai wa daida. Ya leƙo ƙasa ya ce, "Injiniya, mu ba mu ci ko inci ɗaya ba. Bulo guda ne ya ɓace muku a takarda."

Ni ne injiniyan. Shekarata ta biyu ke nan da gama bautar ƙasa, ina aiki a ƙarƙashin wani dattijon injiniya a wani ƙaramin ofishi, kuma ni na zana raftocin. Na ce, "Baba, sauko mu duba zane." Ya sauko, muka shimfiɗa takardu a kan bonet ɗin mota, kuma ba mu yi minti biyar ba muka ga inda bulon ya shige.

A zanen akitek, faɗin ɗakin 12,000 ne da milimita, daga fuskar bango ta ciki zuwa fuskar bango ta ciki, domin abin da ya dame shi shi ne filin da mutane za su zauna. Ni kuwa da na zo zana rufin, na kwafi wannan 12,000 ɗin na rubuta a ƙasan raftar, na ja kibiya dama da hagu, ban nuna inda kowace kibiya ta tsaya ba. Ban zana bangon ba ma sam. Mai zanen ƙarfe, wato mutumin da yake ɗaukar zanen injiniya ya mayar da shi zanen yanka, ya fayyace tsawon kowane gunduwa da gurbin kowane rami, shi kuma ya karanta lambar yadda masu sana'arsa suke karantawa: daga tsakiyar mazaunin ƙarfe zuwa tsakiyar mazauninsa. To ƙusoshin a tsakiyar bango aka binne su. Rabin bulo a gabas, rabin bulo a yamma, milimita 225 ke nan. Abin da ya kamata a yanka 12,225 ne.

Washegari aka zauna a ƙarƙashin darbejiya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan zama shi ne ba wanda ya yi ƙarya. Akitek ya ce lambarsa daidai take, ga ta a rubuce, ga bangon a tsaye. Birkila ya ce da zanen akitek ya yi aiki. Mai zanen ƙarfe, mutum mai sanyin magana wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin, ya ce shi zanena kaɗai aka aika masa, bai taɓa ganin na akitek ba, kuma ya turo zanen yankan ofishinmu an buga masa hatimi kafin a taɓa ƙarfe. Wannan ma gaskiya ne. Ni na duba shi. Na duba kaurin ƙarafan, na duba girman walda da yawan ƙusoshi, amma tsawo ban duba ba, don a ganina tsawo nasa ne. Da na ga 12,000 a takardarsa sai hankalina ya kwanta, ai ta yi daidai da tawa. Shi ya ɗauka daga wurina, ni kuma na gaskata ta saboda na gan ta a wurinsa.

Da aka zo kaina, na nuna layin da muke rubutawa a ƙasan kowane zane, wanda na gada daga zanen da na tarar a ofis: a duba zanen akitek domin sauran ma'aunai, kuma a tabbatar da kowane awo a wurin aiki kafin a yanka ƙarfe. Na karanta shi da ƙarfi, ina jin na sami garkuwa.

Maigidana bai ce komai ba a gaban mutane. Sai da muka shiga mota ya ce, "Karanta mini layin nan kuma." Na karanta. Ya ce, "A tabbatar. Wannan a ɗin, sunan wa ne?"

Na ce, "Yallabai, ai mai aikin ƙarfe."

Ya ce, "Ka gaya masa? Yana wani gari, tafiyar awa uku. Lokacin da ya yanka ƙarfen nan bango bai kai linta ba. Me zai auna?"

Shekaru sun shuɗe amma ban sami amsar da ta fi shirun da na yi a ranar ba. Hausa tana da wannan ƙaramin harafi da yake ɗauke aiki daga wuyan kowa. A share wurin nan. A kawo ruwa. A gyara. A gida ba ya cutarwa, domin uwa ta san yaron da take nufi, yaron ma ya sani. A takardar gini kuwa, inda mutum biyar za su karanta layi ɗaya a garuruwa uku, kowa yana iya karantawa ya ga ɗan'uwansa a ciki.

Akwai dalilin da ya sa wannan matsala ta fi yawa a ginin bulo mai ɗauke da ƙarfe. Idan gini na ƙarfe ne tun daga ƙasa, ginshiƙan ƙarfen su ne ma'auni, kowa daga tsakiyarsu yake awo, har mai bulo da zai zo ya cike tsakaninsu daga baya. Amma idan bango ne yake ɗauke da nauyi, ƙarfe baƙo ne, zuwa yake ya zauna a kan aikin wani. Kuma sana'o'in biyu ba da ido ɗaya suke kallon awo ba. Mai ƙarfe yana lissafi da milimita. Ramin ƙusa bai fi ƙusar da milimita biyu ko uku ba. Birkila yana aiki da igiya da ido da kaurin siminti tsakanin bulo da bulo, wanda yau yatsa ɗaya ne gobe ɗaya da rabi. Bulon kansa, idan na hannu ne, ba duka suke fitowa girma ɗaya ba. Da muka auna bangon namu daga baya, faɗin ɗakin a ƙarshen kudu ya ɗara na arewa da kusan santimita uku, kuma wannan a aikin bulo ba laifi ba ne. Sai kuma filasta, da ba ta nan ranar da ake ɗora ƙarfe amma tana cikin kan akitek lokacin da yake rubuta lamba.

Ko a Amurka, inda bulo daga inji yake fitowa, tarkon yana nan da wata siffa. Bulon da suke kira mai inci takwas, ainihinsa inci 7 da biyar bisa takwas ne. Sauran uku bisa takwas ɗin gurbin siminti ne. Saboda haka bangon da aka rubuta masa inci takwas bai kai takwas ba, tsawon bango yana gazawa da kaurin siminti ɗaya, faɗin ƙofa kuma yana ƙaruwa da shi. Mai zanen ƙarfe da bai san ko lambar da ke gabansa ta suna ce ko ta zahiri ba, zai iya kuskurewa da kusan santimita ɗaya a kowane bango, kuma wannan ya isa ya hana rami haɗuwa da ƙusa.

Can sun daɗe suna gardama kan wa ke da alhakin awo, har suka rubuta ta. Cibiyar gine-ginen ƙarfe ta ƙasar, AISC, tana da kundin ƙa'idar aiki da ta fara fitarwa a 1924 kuma take sabuntawa. Rabon da kundin ya yi mai sauƙi ne a baki. Zanen injiniya shi zai nuna aikin ƙarfe da isassun ma'aunai: inda layukan ginshiƙai suke, tsayin kowane hawa, girman kowane ƙarfe da gurbinsa. Masu ƙera ƙarfe su ke da alhakin ƙananan ma'aunan zanen yanka da tabbatar da cewa sassan za su haɗu a wurin aiki, kuma hatimin injiniya ba ya sauke musu wannan nauyi. A ganina rabon adalci ne. Sai dai na ga yadda injiniyoyi, har da ni a wancan lokaci, suke riƙe rabi na biyu da hannu bibbiyu su manta da na farko. Mai zanen ƙarfe zai iya ɗaukar alhakin lissafin da ya yi daga lambar da aka ba shi. Ba zai iya ɗaukar alhakin lambar da ba a ba shi ba, ko wadda aka ba shi babu kai babu gindi.

Masu cewa a bar wa akitek dukkan ma'aunai suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Idan lamba ɗaya tana zane biyu, ranar da akitek ya matsar da bango ya manta bai sanar ba, an sami gaskiya biyu a wurin aiki, kuma wannan ya fi rashin lamba haɗari. Na yarda da su a kan faɗin taga da gurbin ƙofar banɗaki. Ban yarda da su a kan inda ƙarfe zai zauna ba. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙarfe da fuskar bango ba zancen kyan gini ba ne, zancen nauyi ne: idan ƙarfe ya zauna a gefe maimakon tsakiya, yana tanƙwara bangon ne ba danna shi kawai ba. Haka tsawon abin da ya hau bangon. In ya yi kaɗan, dukkan nauyin rufi ya taru a leɓen bulo mai rami, ya murƙushe shi. Haka tsayin mazaunin. Waɗannan lambobi sun shiga lissafin injiniya tun kafin ya zaɓi kaurin ƙarfe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya yi lissafi da lamba, shi ya kamata ya rubuta ta, ya kuma nuna daga ina ta tashi.

Mu koma gindin darbejiya. Alhajin da ya ɗauki kwangilar yana kallon sama yana kallon kuɗin motar ƙugiya da ya tafi a banza, sai ya kawo shawarar da duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ya san za a kawo. Ya ce a samo guntayen ƙarfe a yi wa kowace rafta ƙari da walda, mai walda ya ce yini ɗaya ya ishe shi. Ni ma a raina na so hakan, don ina son abin ya wuce. Maigidana ya ce a'a. Ƙarfin rafta yana mahaɗarta, inda ƙarfen sama da na ƙasa suka gamu, kuma dole mazauninta ya kasance a ƙarƙashin wannan mahaɗa. In ka yi mata ƙari ka matsar da mazaunin waje, ka mayar da guntun ƙarfen nan abin ɓamɓara, nauyin rufi yana murɗa waldar dare da rana. Alhaji ya ce, "Injiniya, ɗan taƙi guda fa." Ya ce, "Alhaji, yara ne za su zauna a ƙarƙashinsa."

A hanyar komawa, bayan tambayar nan da ta rufe mini baki, ya ba ni labarin otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas, a jihar Misuri ta Amurka. Daga baya na nemi labarin na karanta da kaina, kuma har yau ina ba duk yaron da ya zo koyon aiki a wurina.

An buɗe otal ɗin a 1980. A cikin babban zaurensa akwai gadoji na tafiya da ƙafa, rataye daga rufi da sandunan ƙarfe masu kaurin inci ɗaya da kwata. Gadar hawa na huɗu tana saman ta hawa na biyu daidai. A zanen injiniya, sanda ɗaya ce doguwa za ta sauko daga rufi, ta ratsa bim ɗin gadar sama, noti ya tare shi, ta ci gaba har ƙasa ta riƙe gada ta biyu. Masu ƙera ƙarfen suka ga wannan zai yi wuyar haɗawa, domin sai an yi wa sandar zare mai tsawon gaske kafin noti ya hau har hawa na huɗu. Aka raba sandar biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, wata daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A takarda canjin bai fi ɗan layi ba.

Wanda ya san ragaya zai gane abin da ya faru. Ka ɗaura ƙwarya biyu a igiya ɗaya, kowace da ƙullinta, to kowane ƙulli nauyin ƙwaryarsa kaɗai yake ɗauka. Ka yanke igiyar ka rataye ta ƙasa a jikin ta sama, yanzu ƙullin sama yana ɗauke da biyu. Notin gadar hawa na huɗu ya koma ɗaukar ninki biyu na abin da aka nufa. Ranar Juma'a 17 ga Yuli 1981, da maraice, zauren cike da masu rawa da 'yan kallo, bim ɗin ya tsage, noti ya zurma ta cikinsa, gadar sama ta faɗo kan ta ƙasa, duka biyu suka faɗo kan jama'a. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni.

Binciken hukumar ma'aunai ta ƙasar ya nuna cewa ko zanen farko bai kai abin da dokar ginin birnin ta nema ba, kimanin kashi 60 cikin ɗari kawai zai ɗauka, canjin kuma ya raba wannan biyu. Amma abin da maigidana ya so in ji ba lissafin ba ne. Injiniyoyin sun ɗauka masu ƙera ƙarfe ne za su yi lissafin mahaɗar, kamar yadda aka saba. Masu zanen ƙarfen sun ɗauka an riga an yi. Zanen yankan ya je ofishin injiniya, an buga masa hatimi, ya dawo. Kowa ya ga hannun wani a takardar ya sami natsuwa. A 1986 injiniyoyin biyu, Jack Gillum da Daniel Duncan, suka rasa lasisinsu na aiki a jihar Misuri, bisa hukuncin cewa wanda ya buga hatimi ba zai ce mahaɗar ba tasa ba ce.

Na san otal ɗin ba ginin bulo ba ne, kuma kuskuren can ba na tsawo ba ne. Amma ramin da suka faɗa shi ne wanda na faɗa, bambancin kawai ni Allah ya rufa mini asiri, nawa ya fito fili da rana tsaka, ƙarfe yana rataye a ƙugiya, ba kowa a ƙasa. Da raftar ta gaza da inci biyu ne maimakon tara, da farantin ya hau leɓen bango, da an faɗaɗa ramuka da wuta an ɗaure noti, an buga kwano, an rufe da silin, ba wanda zai sake gani. Wannan tunanin ya fi kunyar ranar hana ni barci.

A ƙarshe an mayar da raftocin tara inda aka ƙera su. Aka yanke gaɓar ƙarshe ta kowane gefe, maigidana ya sake lissafi, aka ƙera sababbi da faranti masu kauri, kuma wannan karon mai zanen ƙarfe ya zo da kansa, ni da shi da Baba birkila muka auna ƙusoshin kowace rafta ɗaya bayan ɗaya, muka rubuta wa kowace lambarta. Ya ci mana mako biyar. Ruwa ya sauka a kan bango ba rufi, filastar ciki ta jira har bayan da ya sha iska. Ofishinmu ya biya kaso mafi girma na kuɗin gyaran, kuma maigidana bai cire ko sisi daga albashina ba. Ya dai sa na zauna na bi dukkan zanen da ke ofis na goge layin nan na ƙasa. A madadinsa, duk inda ƙarfe ya hau bango, sai an yanka bangon a zane, an nuna bulo, an nuna kankare da faranti, an ja layin tsakiya, an rubuta tazararsa daga fuskar bulo tsirara kafin filasta. Inda kuma dole sai an auna a wurin aiki, sai a rubuta wanda zai auna, ɗan kwangila ne ko mai ƙera ƙarfe, da matakin da gini zai kai kafin a auna, da cewa ba a yanka wannan gaɓa sai lambar ta dawo ofis a rubuce.

A yawancin gine-ginenmu na nan ma babu mai zanen ƙarfe. Mai walda ne zai zo da tef ɗinsa ya auna bangon da ke tsaye, ya zana raftar da alli a ƙasa, ya yanka. Irin kuskurena ba ya samunsa, tunda bango yake aunawa ba takarda ba. Amma wani gurbin yake buɗewa: kaurin ƙarfe da yawan walda da yadda za a ɗaure ƙafar a kan bulo duk da ido ake yanke su, injiniyan da sunansa da lambarsa ta hukumar rajistar injiniyoyi, COREN, suke kan zanen kuma sau da yawa bai taka wurin ba ranar da aka ɗora rufi. Idan iskar farkon damina ta ɗauke rufin, mai walda zai ce abin da aka saya masa ya yi aiki da shi, injiniya zai ce ba abin da ya zana ke nan ba.

Bayan wata takwas wani aikin ya sake haɗa ni da mai zanen ƙarfen nan, bene ne mai bim ɗin ƙarfe a kan bangon bulo. Na aika masa zanena, na haɗa da na akitek, ina ganin ban bar ƙofa ba. Kwana biyu sai ga wayarsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Injiniya, a shafi na huɗu ka rubuta tsayin mazaunin bim 3,600. Daga saman kankaren ƙasa ne, ko daga saman tayil?"

Na ce, "Malam, ba ni minti biyu." Na buɗe shafin, na duba sama da ƙasa, ban rubuta ba. Na ce masa kada ya zana komai a kan wannan bim ɗin tukuna. Na kira akitek na tambayi kaurin tayil da simintin ƙarƙashinsa, ya ce milimita 50. Na gyara shafin, na sa kwanan wata, na sa hannu, na kai tasha da kaina na ba direban motar farko.